Fentin jitar afara, daga ɗaukewar ruwa zuwa ƙarshen hunturu

12 ga Oktoba, 2024

Jikin jitar ya fito daga hannun kafinta. Siffar Stratocaster ce, wato jita mai lantarki ta kamfanin Fender, kaurinsa milimita 45, an rarake ramin da wuya zai zauna da ramukan maganaɗisun ɗaukar sauti, an huda duk inda kusa za ta shiga. Saura fenti, shi kuma na ƙudura zan yi da hannuna a gida.

Katakon farin afara ne, na saye shi a kasuwar katako ta Na'ibawa tun kafin ruwa ya sauka. A nan ba a ɗauke shi a bakin komai ba, ƙofa da benci ake yi da shi. Amma shi ne itacen da ake kira limba a kasuwar duniya, shi ne kuma kamfanin Gibson ya sa wa suna korina ya ƙera jitocinsa Flying V da Explorer da shi a 1958. Maƙeran jita a Amurka nemansa suke ruwa a jallo, mu kuwa ga shi jibge a bakin titi. Ba shi da nauyi irin na maɗaci, kuma yana bin wuƙa.

Matsalarsa ɗaya: daga dazukan kudu ake kawo shi, da ruwansa a ciki. Tun da na saye shi nake ɗora shi a sikeli lokaci zuwa lokaci ina rubuta nauyinsa, har nauyin ya daina sauka. Duk da haka ban yarda da shi ba tukuna. Nauyin da ya tsaya a damina ba shi ne na hunturu ba. In iskar gabas ta taso, damshin iska a Kano yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, kuma itace zai sake tsukewa. Jikin nan ɓari biyu ne aka haɗa da gam a tsakiya. In aka rufe shi da fenti yana kan tsukewa, layin haɗin zai fito ta cikin fentin bayan wata biyu, ba kuma yadda za a yi da shi sai kankarewa. Saboda haka ba ɗigon fenti da zai taɓa shi sai iska ta bushe. Kafin nan akwai aikin sanfefa.

26 ga Oktoba, 2024

Na fara da sanfefa lamba 120, na koma 180, na ƙare a 220, don gwargwadon girman lamba, gwargwadon laushin sanfefar. Gaba da baya, inda suke a shimfiɗe, sai da na naɗe sanfefar a jikin guntun katako mai lebur, don yatsu suna bin taushin itace su bar kwari da tudu da ido ba ya gani. Lanƙwasar gefe da gangaren da hannu ke kwanciya a kai ne kaɗai na bi da tafin hannu. Kafin kowace lamba nakan zazzana fensir a ko'ina. Inda zanen ya ƙi gogewa, nan ne kwari.

Akwai wurare biyu da wani abu ya danna itacen a shagon kafinta. Irin wannan ba a cike shi, tayar da shi ake yi: tsumma mai damshi a kai, a ɗora bakin dutsen guga mai zafi, tururi ya kumbura zaren da ya lotsa. Ya yi aiki a duka biyun, don zaren bai tsinke ba. Bayan nan na shafe jikin gaba ɗaya da tsumma mai ɗan ruwa, ya bushe, gashin itacen ya miƙe, na share shi da 220 a hankali.

Babban abin da ya taimake ni shi ne duhu. Da rana komai sumul yake. Da dare, in ka kwantar da tocila a gefen itacen haske ya bi ta kansa a kwance, kowane karce sai ya yi inuwa. Ƙarshen zaren itace, wajen ƙahonni biyu da ke gefen ramin wuya da kuma gindin jiki, nan karcen lamba 120 ke ɓuya, kuma nan ya fi cin lokaci.

9 ga Nuwamba, 2024

Makon nan na zaɓin fenti ne, kuma ya fi duk abin da ya gabata sa ni tunani.

Fentin jita mai lantarki asalinsa fentin mota ne. Kamfanin DuPont ya fito da fentin selulos mai suna Duco a shekarun 1920, ya rage wa masu ƙera mota jiran makonni kafin fenti ya bushe. Da Fender ya fara sayar da jita masu launi na musamman a shekarun 1950, daga Duco da ɗan'uwansa Lucite yake ɗauko launukan, yana ƙara kashi 5 cikin 100 a kan kuɗin jitar. Jan da ake kira Fiesta Red launin motar Ford ne na 1956, koren Surf Green kuwa na Chevrolet ne na 1957. Bayan kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965, zuwa ƙarshen shekarun 1960 aka koma fenti mai kauri irin na roba, wanda ke bushewa da wuri kuma ba ya son hannu da yawa. Gibson dai har yau bai bar selulos ba.

Sanin wannan ne ya sa ban tsaya neman kayan da aka rubuta wa "na jita" daga waje ba. Na tafi wajen wani dattijo mai fentin mota da ke kusa da mu, wanda ya yi aiki da selulos shekaru aru-aru kafin fentin haɗi biyu, wanda suke kira 2K, ya cika gari. Ya juya jikin jitar a hannunsa, ya shafa shi da bayan yatsu, ya ce, "Ɗana, in sauri kake so da ƙarfi, ka kawo in fesa maka 2K, jibi ka ɗauka. In kuma da hannunka za ka yi a gida, kada ka kusance shi."

Na ce, "Baba, saboda me?"

Ya nuna ƙirjinsa. Ruwan da ake zuba wa 2K don ya daskare yana da sinadarin da ke jawo asma, kuma wanda ta kama ta wannan hanya, ko ɗan ƙanƙanin tururinsa ya shaƙa daga baya sai ta tashi. Takunkumin hanci na kanti ba ya isa. Masu yin sa bisa ƙa'ida iska ake turo musu ta tiyo daga waje. Ina ganin samari a garejoji suna fesa shi da ƙyalle ɗaure a hanci, kuma abin yana damuna ƙwarai. Selulos ma ba ruwan sha ba ne. Tinarsa, wato ruwan da ake tsinka shi da shi, tana bugarwa, tana kama wuta nan take, dole sai da takunkumi mai matatar gawayi. Amma haɗarinsa irin wanda mutum zai iya tsarewa ne a gida in ya kula.

Akwai masu cewa selulos yana barin itace ya yi numfashi, sautin ya fi daɗi. A jita mai rami a ciki, wadda allonta ke kaɗawa ya ba da sauti, kaurin fenti yana da tasiri. A gungumen itace mai milimita 45, wanda maganaɗisu ke ɗaukar motsin tsirkiya, ban yarda kunne zai bambance ba. Dalilina daban ne. Selulos ba ya daskarewa ta hanyar haɗuwar sinadarai, tinar ce kawai ke fita ta bar shi. Don haka duk sabon shafi yana narkar da na ƙarƙashinsa su zama abu ɗaya, ko bayan shekara ne. Mai koyo a gida yana buƙatar fentin da ke karɓar gyara.

Launi kuwa, shuɗi mai duhu nake so, irin na turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa, wanda za ka gani a kan makaɗan jitar Agadas. Na kai ƙyallen turkuɗi wajen mai haɗa kala a Ƙofar Ruwa, ya yi ta ɗiga baƙi da ɗan ja a cikin shuɗi yana gwadawa a murfin gwangwani har muka daidaita. Baba ya gargaɗe ni cewa launi mai duhu ba ya rufa wa kowa asiri. Abin da fari zai ɓoye, shi tona shi yake. Na ji, kuma na tsaya a kan shuɗin.

23 ga Nuwamba, 2024

Iska ta juya, leɓe ya fara tsagewa, nauyin itacen ya ƙara sauka kaɗan ya tsaya. Yanzu an shiga aikin gaske.

Afara itace ne mai buɗaɗɗun ƙofofi, irin su maɗaci. In ka duba da kyau za ka ga dogayen ramuka sirara bin zaren. Itacen da Fender ya koma amfani da shi a 1956, wato alder, ba shi da wannan, shi ya sa ya yi musu sauƙin fenti. A kan afara, in ba a cike ƙofofin ba, fenti zai yi kyau a makon farko, sannan ya riƙa nutsewa cikinsu yana bushewa har zanen zaren ya fito duka.

Filar da ake cike lotsewar mota da ita ba ta dace da wannan ba, ta yi kauri. Na yi amfani da gam mai haɗi biyu marar launi, mai jinkirin kamawa. Kaɗan ake zubawa, a ja shi da tsohon katin banki a karkace da zaren, a danna shi cikin ramukan, sannan a kankare duk wanda ya rage a sama. Abin da ake so ya zauna cikin ƙofofin ne, ba a kan itacen ba. Ya kwana ya wuni, na bi shi da 220, na duba da tocila, na ga sauran ɗigo-ɗigo masu ƙyalli da ke nuna ramin bai cika ba, na maimaita. Ƙananan hudojin ƙwaro da afara ba ya rabuwa da su na cike su da garin itacen da supagulu.

Wannan matakin ba daɗinsa. Ka wuni kana aiki, mai wucewa ya ga itacen yadda ya bar shi jiya. Amma na riga na ga jitar da aka tsallake mata shi, kuma ba na so tawa ta zama haka.

7 ga Disamba, 2024

Hunturu ya kankama. Duk bayanan da na karanta a intanet daga Turai da Amurka, damshi suke tsoro: in iska ta yi ruwa da yawa, selulos yakan kama damshin ya yi fari-fari. Mu a watan nan ba mu san wannan ba. Abokin gabarmu ƙura ce, wadda ko ɗaki a rufe yake sai ka tarar ta kwanta a kan tebur da safe.

Ɗakin ajiya da ke can ƙarshen gida na kwashe. Na share, na goge bango da tsumma mai ruwa, na rataya leda daga silin zuwa ƙasa ta zagaye wurin feshi. Tagar da iska ke shigowa na rufe ta da yadi mai laushi ninki biyu, na jiƙa shi. Kafin kowane feshi nakan yayyafa ruwa a daɓe don kada taku ya tayar da ƙura. Na cire duk abin da zai iya ba da tartsatsi, na ja janareta can nesa, na kuma roƙi mutanen gida kada a hura wuta a tsakar gida sai na ce an gama. Yara ba sa zuwa wajen sam.

Na ɗaure sanda a ramin wuya da kusoshi biyu, ita ce mariƙi, ita ce kuma abin ratayewa. Ƙasan ramin na rufe shi da tef, don ko ɗan kaurin fenti a nan yana canza yadda wuya zai zauna, tsayin tsirkiya ya lalace.

Sila, wato ruwan da ke toshe fuskar itace, na fara fesawa, sannan fentin shimfiɗa mai ruwan toka. Da ya bushe na yi masa ɗan yayyafin baƙi sama-sama, na bi da 400 a kan katako mai lebur. Duk inda baƙin ya rage, kwari ne. Ya rage a wurare fiye da yadda na zata, musamman gefen layin haɗi. Na ƙara shimfiɗa, na sake gogewa, har baƙin ya tafi gaba ɗaya ba tare da itace ya leƙo ba.

21 ga Disamba, 2024

Tun farko na ajiye guntayen afarar da suka rage, kuma duk abin da zan yi wa jikin sai na fara yi musu. A makon nan suka biya kuɗinsu.

Da na fesa shuɗin a guntu na farko, sai ƙananan ramuka zagayayyu suka buɗe a cikin fentin, yana gudu daga tsakiyarsu. Na kai wa Baba. Kallo ɗaya ya yi ya ce mai ne. Kwamfresar da na aro tsohuwa ce, tana turo ɗan mai da ruwa ta cikin tiyo. Muka buɗe ƙasan tankin, ruwa mai tsatsa ya zubo, na sayi matatar da ake ɗaurawa a gindin bindigar feshi, na canza tiyo. Ya ƙara da cewa man goge kujera da man shafawa na hannu duk suna yin haka, kuma a hunturu kowa hannunsa da mai. Tun ranar ba na taɓa jikin sai da safar hannu.

Guntu na biyu ya nuna wata matsalar. Fentin ya sauka da gautsi, garas-garas, ba ƙyalli. Iskar ta bushe har tinar tana tashi kafin fentin ya isa itacen, sai ya sauka rabinsa a bushe. Maganinsa tina mai jinkirin tashi, da matso da bindigar zuwa wajen santimita 15 zuwa 20. Wannan babu wanda ya rubuta shi a abin da na karanta. A wajensu ana ƙara mai jinkirin ne saboda damshi. Mu saboda rashinsa.

Lokacin feshi ma sai da na neme shi. Da asuba sanyi ya yi yawa, fenti ba ya kwanciya. Da hantsi iska na kaɗawa da ƙura. A unguwarmu bayan la'asar ne iska ke lafawa, ɗakin kuma yana da sauran ɗumi. Nan na tsayar.

Shuɗin ya hau jikin a shafi sirara, gefuna da farko, sannan gaba da baya, kowane layi yana hawa rabin na bayansa. Hannu yana fara tafiya kafin a danna, yana wuce itacen kafin a saki. Na tsaya da zarar ruwan tokan ya ɓace, don aikin launi rufewa ne kawai, kauri na ruwan ƙyallin da za a fesa a kai ne. Da na fito da shi bakin ƙofa na ga launin a hasken yamma, sai da na kira mutanen gida su zo su gani. Shi ne wanda na kai a ƙyalle.

4 ga Janairu, 2025

Ruwan ƙyalli, wanda masu fentin mota ke kira kiliya. Shafi uku a wuni, da tazarar kusan awa ɗaya, sannan ya kwana. Na farko-farko sirara ne don kada su narkar da shuɗin ya motsa. Na baya sun fi jiƙa.

Ƙura ta sauka, dole. Ƙa'idar da na bi ita ce kada a taɓa ta fentin yana ɗanye. Washegari a share ƙwayar da 800 a hankali, shafi na gaba ya narke ya rufe wurin. Cikin lanƙwasar ƙahon ƙasa fenti ya taru ya zubo, don wurin matsattse ne bindiga tana daɗewa a kai. Na bar shi ya yi tauri sosai, na kankare tudun da reza a tsaye, aka ci gaba.

Gefuna na ƙara wa shafi fiye da ko'ina. Fenti yana guje wa kaifin gefe yana taruwa a shimfiɗe, kuma gefen ne sanfefa ke fara ci. Fuskar yanzu tana da ɗan gurji-gurji kamar ɓawon lemo. Haka ake so a wannan matakin, gogewa ce za ta kwantar da shi.

18 ga Janairu, 2025

Yana rataye, ba abin da nake yi masa. Selulos yana bushewa a taɓa shi cikin mintuna, amma tinar da ke can ciki tana ɗaukar makonni tana fita, fentin yana ƙara tsukewa. Masu yin wannan aiki suna ba shi mako uku zuwa huɗu. Wanda ya goge da wuri zai sami ƙyalli, bayan wata ɗaya ƙyallin ya dusashe, karce ya dawo. Gwaji biyu nake yi: in sa hanci cikin ramin maganaɗisu, in kuma danna farce a fentin da ke cikin ramin inda murfi zai rufe. Har yanzu akwai wari, farce kuma yana barin alama.

Na mayar da shi cikin ɗakin kwana, nesa da taga. Sanyin dare da zafin rana in suka yi masa sauyi farat ɗaya, itace da fenti ba sa miƙewa tare, fentin sai ya tsattsage. Ba na kwantar da shi a kan komai, don saƙar yadi tana fitowa a jikinsa, roba da leda kuwa narkar da shi suke. Wannan zai bi jitar har tsufanta: maratayin da aka naɗe da roba yana cin selulos, sai an rufe shi da auduga.

Abin da na fi dubawa shi ne layin haɗi da ƙofofin itacen. Da tocila a kwance, layin bai fito ba. A baya, kusa da gindi, akwai ɗan wurin da zaren ya fara nunawa kaɗan, bai kai faɗin tafin hannu ba, kuma bai yi zurfin da gogewa ba za ta ɗauke shi ba.

Kafin ya gama na yanka tef ɗin jan ƙarfe da zan shimfiɗa cikin ramukan lantarki don rage ƙugin da jita ke ɗauka daga wayoyin gida da janareta. Sai an haɗa shi da wayar ƙasa ta jitar yake aiki, in ba haka ba ado ne.

8 ga Fabrairu, 2025

Wari ya tafi, farce ya daina kamawa. Na fara gogewa da ruwa.

Kafin ruwa ya taɓa shi, na toshe kowace huda da kakin kyandir. In ruwa ya shiga hudar kusa, itacen da ya sha hunturu zai zuƙe shi ya kumbura, fentin ya tsage a zagaye. Sanfefar ta kwana a ruwa mai ɗigon sabulu. Na fara da 800 a kan ɗan guntun roba mai tauri, ina gogewa ina sharewa ina dubawa. Tudu yana dusashewa, kwari yana nan da ƙyallinsa. In ƙyallin ya ƙare duka, fuskar ta kwanta. Daga nan 1000, 1200, 1500, 2000, kowace lamba ina canza mata hanya don in ga ta cinye karcen ta baya. In na ji ƙwayar wani abu tana ƙara a ƙarƙashin sanfefa, nan take nake tsayawa in wanke, don ƙwayar yashi ɗaya tana iya mayar da mutum 800.

Ruwan da ke fitowa fari ne muddin ana kan kiliya. A kaifin ƙahon sama ya fito da shuɗi-shuɗi, alamar an huda zuwa launi, duk da ƙarin shafin da gefen ya samu. Na tsaya kafin ruwan toka ya leƙo. Wurin bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba. Na busar da shi, na ɗiga kiliya da bakin tsinke, ta narke cikin ta kewaye ba tare da iyaka ta fito ba. Da 2K ne, da zoben gyaran zai zauna a nan har abada. Sai dai wannan ɗigon ma yana son nasa makonnin kafin a taɓa shi.

Bayan jikin na gama shi har 2000, na bi da man goge fentin mota, mai gautsi sannan mai laushi, da tsohuwar rigar auduga, da hannu. Inji yana da sauri amma zafinsa yana narkar da selulos a gefe. Wurin da zaren ya nuna a watan jiya ya tafi. Shuɗin ya yi zurfi, jan da mai haɗa kala ya ɗiga yana fitowa in haske ya faɗo a karkace.

Gaban yana jiran ƙahon. Ina so in gama shi kafin zafin Maris ya shigo, don ɗakin ajiyar mai rufin kwano ne. Bayan nan sai cire tef daga ramin wuya, a bi bakinsa da reza tukuna don kada ya ɓalle da fenti, a share hudojin kusa da hannu, a gwada zaman wuyan.